Filin Tambaya da Amsa: Goɗiyata na sandarewa a diresaj, tana kuma zubar da sanduna

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da shawara. Na fara shiga gasar ibentin (wasan doki mai kashi uku, diresaj da gudun fili da tsallake sanduna) a ƙaramin mataki da goɗiyata mai shekara 7, a gida lafiya lau take duk abinda na nema tana yi, amma da mun shiga filin diresaj (inda alƙali ke bada maki kan ladabin doki da yadda yake bin umarnin mahayi) sai ta ɗaga kai ta sandare kamar bata taɓa sanina ba, alƙali ya bamu kashi 58, da aka zo tsallake kuma ta ɗibi gudu ta zubar da sanduna uku. Wata ƙawata tace in sa mata linzami mai kaifi. Ni kuma tunani nake ko in daina wahalar da kaina da diresaj ɗin nan in maida hankali kan tsallake tunda shi take so. Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara basira. Toh kafin komai bari mu yi lissafi tare dan kiga inda makin ki ke zubewa. A ibentin mai ƙarancin makin laifi shi ke cin gasa. A ƙa'idar FEI (hukumar wasannin doki ta duniya) ta yanzu ana cire kason da kika samu a diresaj daga 100, abinda ya rage shi ne laifinki, kenan kashi 58 ya zama 42 tun baki tsallake komai ba. Kowace sanda da ta faɗi kuma 4 ce, uku sun zama 12, kinga kin kai 54 kafin a yi maganar gudun fili, wato gudu a buɗaɗɗen fili ana tsallake shingaye masu ƙarfi. Da ace kin samu kashi 68 kika zubar da sanda ɗaya 36 kawai zaki ɗauka. Shiyasa maganar barin diresaj bata taso ba sam, nan ne ma mafi yawan makin ke tafiya.

Kuma gaskiya ni a ganina matsala ɗaya ce kike da ita ba biyu ba. Goɗiyar da ta sandare a gaban alƙali ita ce dai ta ɗibi gudu a gaban sanda, tsoro ne da ɗaurewar jiki yake fitowa ta hanya biyu. Dokin da bayansa ya ɗaure baya iya shigo da ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa, in bai shigo da su ba kuma ba zai tashi sama da kyau ba, sai dai ya miƙe ya yi tsallen tsawo, ƙafar gaba ta daki sanda. Sannan ki daina ɗaukar gudun nan a matsayin so take, sau da yawa dokin da ke rugawa kan shinge so yake ya rabu da abin da wuri. Tun asali haka aka gina wasan, sojojin doki ne suka fara shi, lokacin da ya shiga Olamfik a Stockholm a 1912 hafsoshin soja ne kaɗai ke yi, ana son a ga doki ɗaya yana da ladabi, yana da zuciya a fili, kuma bayan ya sha wahala yana da sauran ƙarfi da natsuwar da zai tsallake abu ba tare da ya taɓa ba.

Maganar linzami mai kaifi kuwa dan Allah ki dakata. Zai iya rage mata gudu na sati ɗaya ko biyu, amma dokin da ke tsoro in aka ƙara masa ciwo a baki sai ya ƙara ɗaga kai, kuma a diresaj ba kowane linzami ake yarda da shi ba, a ƙananan matakai linzami mai sauƙi ne doka. Abinda zaki fara yi shi ne ki kira likitan dabbobi ya duba haƙoranta da bayanta, a kuma duba zaman sirdi, shekara 7 jikinta na cikin canjawa ne, sirdin da ya zauna mata bara zai iya matse ta bana.

In an tabbatar lafiyarta ƙalau sai aiki. Ki riƙa fita da ita wurare ba dan gasa ba, ta ga tutoci, ta ji lasifika, ta ga dawakai suna wucewa, ki zagaya da ita ki dawo gida shikenan, har taro ya daina zama mata labari. Ranar gasa ki isa da wuri, ki bata tafiya mai tsawo da sakakken linzami kafin ki nemi komai. A wurin ɗumama jiki kar ki tsaya gyara abinda baki gyara a gida ba, ki yi abinda ta saba da shi, da'ira mai faɗin mita 20, sauyi daga tafiya zuwa sassarfa a dawo tafiya, a sake, a sake, har kiji ta sauke wuya ta fara fesar da numfashi ta hanci. Ke ma ki duba kanki fa, dan mahayi in ya ji ƙararrawa yakan riƙe numfashi ya matse gwiwa ya ƙanƙame linzami bai ma sani ba, ita kuma duk tana ji.

A cikin filin akwai makin da ba ruwansa da kyan doki. Filin mita 20 ne a faɗi, tsawonsa 40 ko 60, da haruffa a gefe, alƙali na zaune a C yana bawa kowane motsi maki daga 0 zuwa 10. In takarda tace a sauya a E toh a sauya daidai lokacin da jikinki ya zo E, da'ira ta zama da'ira, ki shiga kusurwa sosai kar ki yanke, layin tsakiya ya miƙe, tsayuwa ta zama tsayuwa ta gaske. Wlh da wannan kaɗai mutum na iya tashi daga 5 zuwa 6 ko 7 a wurare da yawa. In motsi ɗaya ya lalace ki barshi ya wuce, na gaba makinsa daban.

A tsallake kuma ƙaramar sukuwar da kike zuwa da ita ita ce komai. Ki koma sanduna a ƙasa, ki jera su ki riƙa wucewa a kai da taki ɗaya ba ƙari ba ragi, in ta fara sauri ki juya da'ira ki dawo, ba faɗa ba fizga. Takun doki a ƙaramar sukuwa wajen mita 3 da rabi ne ko sama kaɗan, ki koyi auna shi da ƙafarki, dan in kin zagaya filin a ƙasa kafin a fara ki san taku nawa ne tsakanin wannan shingen da wancan, ina zaki juya, ina zaki bata numfashi. Bayan kowane tsalle ki zauna ki daidaita ta kafin na gaba, galibi sandar da ta faɗi tun a kwanar baya aka zubar da ita. Kuma in da hali ki sauka mataki ɗaya na ɗan lokaci, ko ki shiga irin gasar da ake haɗa diresaj da tsallake kawai ba gudun fili, ba abin kunya bane ko kaɗan.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ɗana ne zai shiga karon farko, tsoronsa kar ya manta hanya a diresaj. In ya manta korarsa za a yi? Daga wani uba.

AMSA: Barka kadai Alhaji. A'a ba a kora a kuskuren farko, alƙali zai kaɗa ƙararrawa ya tsayar da shi ya nuna masa inda zai ci gaba. A ƙa'idar FEI ta ibentin kuskuren farko maki 2 ne, na biyu 4, a na uku ne ake fitar da mutum. Ya sani kuma bayan ƙararrawar farawa yana da daƙiƙa 45 ya shiga fili, kar ya ruɗe ya faɗa da gudu, kuma ba a yi wa doki magana ko tsaki a lokacin gwajin. Ya zana filin a ƙasa ya riƙa takawa da ƙafarsa har hanyar ta zauna masa. A shingen wurin ɗumama jiki jar tuta a dama take farar a hagu, in ya ga jan ƙyalle a wutsiyar doki ya bashi wuri, mai harbi ne. Dokokin ƙasa da ƙasa suna ɗan bambanta, ku karanta na masu shirya gasar tun daga gida.

TAMBAYA: Wai da gaske manyan 'yan wasa ma suna zubar da sanda? Kuma me yasa a manyan gasa ake barin tsallake sai ranar ƙarshe? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Sosai ma ƙanina. A gasa irin Badminton da aka fara a 1949 da Burghley da aka fara a 1961, duka a Ingila, doki ya yi gudun fili jiya kan shingaye masu ƙarfi da gudun mita 570 a minti, yau da safe likitoci da alƙalai su duba shi ko yana ɗingishi, sannan a kawo shi gaban sanduna masu kai mita 1.30 da taɓawa kaɗan ke kayar da su. Ya gaji, kuma jiya ya saba da tsalle a miƙe, dole mahayi ya dawo da shi ya tattara jikinsa. Ana kuma shiga ne daga na baya zuwa na gaba, wanda ke kan gaba shi ne na ƙarshe, ka ga irin nauyin da ke kansa.

Dubi Olamfik na Paris a 2024 da aka yi a Versailles. Michael Jung na Jamus ya samu 17.8 a diresaj da dokinsa Chipmunk, ya zubar da sanda ɗaya a zagayen farko na tsallake ya koma 21.8, a zagaye na biyu bai taɓa komai ba ya ɗauki zinare, na ukunsa kenan a gasar ɗaiɗaiku bayan 2012 da 2016. Christopher Burton na Ostireliya ya gama da 22.4, Laura Collett ta Birtaniya da 23.1. Da ya ƙara sanda ɗaya tak da ya koma 25.8, duka biyun sun wuce shi.