Kakar 1957/58: Wolves ba sadaka aka ba ta ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena, na saurari tambayarka kan ƙungiyar da ta lashe gasar rukunin farko ta Ingila a kakar 1957/58, kuma na gane inda ka dosa: so kake a ce da jirgin Manchester United bai yi hatsari a Munich ba, da Wolverhampton, wato Wolves, ba ta ɗauki kofin ba. Wannan magana ban yarda da ita ba ko kaɗan.

Babu mai musun girman musibar ranar 6 ga Fabrairun 1958, wadda ta ci rayukan mutum 23, takwas daga cikinsu 'yan wasa, har da Duncan Edwards da ya cika a asibiti bayan kwana 15 yana da shekara 21. Amma a ranar da abin ya auku Wolves ce ke saman teburi, ta ba United ratar maki shida, kuma a wancan zamani maki biyu ake samu a nasara, ba uku ba, saboda haka ratar wasa uku ce cur. Ta ƙare da maki 64 da ƙwallaye 103, Preston North End na biye da 59, sannan ta sake ɗaukar kofin a kakar da ta biyo baya da ƙwallaye 110.

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda matasanmu suka ɗauka ƙwallon Ingila ta fara ne da Firimiya a 1992. Wolves ɗin da Stan Cullis ya horar, Billy Wright na kyaftin, ita ce ta karɓi baƙuncin Honved ta Hungary, su Puskas, a filinta na Molineux a Disambar 1954, aka fara zura wa Wolves biyu, ta farke ta ci 3-2. Wa ke tuna wannan yau?

Inda nake tausaya wa United da gaske shi ne wasan ƙarshe na kofin FA na wannan kakar a Wembley, inda mataimakin koci Jimmy Murphy ya kai su, a lokacin da kocinsu Matt Busby ke jinya bayan hatsarin. Bolton ta ci 2-0, kuma a ƙwallo ta biyu Nat Lofthouse na Bolton bangazar mai tsaron gidan United Harry Gregg ya yi har cikin raga, alƙalin wasa ya ce ta ciwu.