Sallar mai goyo: shin sai na jira yaro ya yi barci?

Tambaya

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni matar aure ce a nan Garwa, goyon fari nake yi, yaron watansa huɗu. Maigida direban babbar mota ne, hanyar Kusiri da Injamena yake bi, yakan daɗe bai kwana a gida ba. Daga ni sai yaron sai surukata, ita kuma ciwon ƙafa ya hana ta ɗaukarsa. Yaron ba ya yarda a ajiye shi, musamman da yamma, da na kwantar da shi sai ya yi ta kuka har ya shiɗe. Na fara goya shi ina salla, sai Hajiya surukata ta ce farilla ba ta yiwuwa da goyo, sai dai nafila. Tun daga nan nake barin La'asar da Magariba sai ya yi barci bayan Isha'i in haɗa su. Ga fitsari ga tumbuɗi, kullum cikin sauya kaya nake, ruwa kuma saya muke yi. Famfas ma saboda tsada guda ɗaya nake sa masa tun safe har dare. Malam, wani lokaci sai in zauna in yi ta kuka, ina ganin kamar Allah fushi yake yi da ni. Mene ne hukuncin sallata?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya miki shi a kan Musulunci, ya sa mai jin ƙanki ne.

'Yata, zan fara da abin da ya fi nauyi a wasiƙarki, ko da yake ba shi kika sa a gaba ba. Barin La'asar har rana ta faɗi, da barin Magariba har dare ya raba, wannan ki daina shi daga yau. Babu malamin da ya halatta shi saboda kukan yaro. Sallolin da suka wuce kin riga kin rama su, abin da ya rage istigfari ne, kuma kin yi ne bisa maganar babba da kika amince da ita, ba don wasa da salla ba.

Sai maganar goyo. Sallar farilla da yaro a baya ta inganta. Hadisin Abu Ƙatada sananne ne, yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim: Annabi (SAW) ya yi salla ɗauke da jikarsa Umamatu, 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta.

Amma kada ki ɗauka Hajiya daga kanta ta ƙago maganarta. Tana da asali a mazhabarmu, kuma har yanzu ana jin ta a bakin wasu malamai, shi ya sa zan tsaya a kanta. Ibnul Ƙasim ya ruwaito daga Imamu Malik cewa abin da Annabi (SAW) ya yi a nafila ne. Wasu suka ce an shafe hukuncin, wasu kuma suka ce wannan keɓantarsa ce, domin shi an tsare shi daga yarinyar ta yi masa fitsari.

Maganar nafila ba ta tsayuwa, domin a ruwayar Muslim Abu Ƙatada cewa ya yi ya ga Annabi (SAW) yana limancin mutane Umamatu tana kafaɗarsa. Limancin jama'a a masallaci, abin da aka saba da shi daga gare shi farilla ce. Kuma ba mutanen wata mazhaba ne suka fara lura da haka ba: Maziri da Alƙali Iyal da Ƙurɗubi, dukkansu manyan Malikawa, sun ga wannan fassara ta yi nisa da zahirin hadisin. Ga kuma abin da Nasa'i ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Hadi, ranar da Annabi (SAW) ya fito sallar jam'i ɗauke da Hasan ko Husaini, yaron ya hau bayansa yana sujada, ya tsawaita sujadar har sahabbai suka zaci wani abu ya faru, da ya sallame ya ce bai so ya katse wa ɗansa ba ne. Ita ma farilla ce.

Mai cewa an shafe hukunci kuwa, sai ya kawo abin da ya shafe, ya kuma tabbatar shi ne ya zo daga baya. Zato ba ya shafe hadisi ingantacce. Zainab ma sai bayan yaƙin Badar ta iso Madina, wato abin ya faru ne lokacin da salla ta riga ta zauna da dokokinta. Keɓanta ita ma dalili take buƙata, domin asalin abin da ya yi a salla koyarwa ce gare mu. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan hijira, ya bi waɗannan maganganu ɗaya bayan ɗaya a sharhinsa na Muslim ya ce babu dalili a kansu. In kuma motsi ake tsoro, ai mai goyo ta fi kowa ƙarancinsa: ta ɗaure sau ɗaya kafin kabbara, hannayenta a sake suke har ta sallame, ba ɗauka ba ajiyewa.

Abin da zai fi kwantar wa Hajiya hankali shi ne, Ashhabu da Ibnu Nafi'u sun ruwaito daga shi Imamu Malik ɗin cewa hakan ya halatta ga wanda ba shi da mai riƙe masa yaro. Baji, malamin Malikawa, ya fayyace: in babu mai riƙewa, ya halatta a nafila da farilla duka. Halin da kike ciki ke nan, miji yana hanya, surukarki ba lafiya. Ko a wannan ruwaya ta Imamu Malik, ke kina cikin waɗanda aka yi wa izini.

Sai dai akwai magana ɗaya a wasiƙarki da ta sauya amsar, kuma na ga kin faɗe ta ne kamar a gefe: famfas ɗaya tun safe har dare. Yaron da ba ki san halin jikinsa ba ana ɗaukarsa a mai tsarki, ba a ce ki riƙa buɗawa kina dubawa kafin kowace salla ba. Amma famfas ɗin da jariri ɗan wata huɗu ya wuni da shi, zuwa La'asar ke kanki kin tabbata cike yake. In kin goya shi a haka kin shiga salla ɗauke da najasar da kike sane da ita, kike kuma da ikon kawar da ita. Hadisin Umamatu bai rufe wannan ba. Gyaran ba ya cin kuɗi: kafin ki yi alwala ki cire masa, ki yi masa tsarki, ki naɗa masa ƙyalle mai tsabta daga tsofaffin zannuwanki, sannan ki goya. Iyayenmu da haka suka raine mu. Sallolin da kika yi a da da shi a jike kuwa ba na cewa ki sake su, domin a mazhaba akwai magana biyu sanannu a kan gusar da najasa, wajibi ce ko sunna, kuma lokacinsu ya fita. Ban da batun salla ma, barin jariri cikin jiƙa wuni guda a zafin Garwa yana sa fatarsa ta kwaile, ba mamaki wani ɓangare na kukan yammar nan daga can yake.

To in ya yi fitsari kina tsakiyar salla fa? Ki ci gaba da sallarki. Shehu Halil, babban malamin mazhabarmu, ya lissafa tufar mai shayarwa cikin abubuwan da aka yi rangwame a kansu, da sharaɗin tana iya ƙoƙarinta wajen kiyayewa, ya kuma ce an so ta ware tufar salla. An so ne, ba a wajabta ba. Shehu Dardiri, mai sharhin littafinsa, ya bayyana cewa rangwamen ya haɗa da tufa da jiki, fitsari ne ko kashi, ban da wurin salla in za ta iya matsawa. Saboda haka zani ɗaya da hijabi ɗaya da kike ratayewa don salla sun wadatar, in babu hali ki wanke inda kika ga ya taɓa, ki bar sauran. Tumbuɗin da ya fito da kamanninsa na nono mai tsarki ne, haka ruwan nonon da ke zuba a riga. Shayarwa ba ta karya alwala, yi wa jariri tsarki ma a wurinmu ba ya karya ta, hannu kawai za ki wanke. Yawan sauya kayan nan da ƙarar da ruwan saye, ina tsoron waswasi ne ya fara shigarki, kuma ba a maganinsa da ƙarin wanki, ƙyale shi ake yi.

Ki tsara wuninki da abin da kika sani na yaron. Tunda rigimarsa ta yamma ce, ki yi La'asar da zarar ta shiga. Ranar da abin ya cushe, ya halatta ki jinkirta Azahar zuwa ƙarshen lokacinta na zaɓi, ki sallame, La'asar ta shiga ki yi ta, da alwala ɗaya da shiri ɗaya, kowace a lokacinta. Ki shayar da shi kafin kiran Magariba. Ki karanta gajerun surori ba tare da jin nauyi ba, Annabi (SAW) da ya fi mu duka yana taƙaita salla in ya ji kukan yaro don tausayin uwarsa. Ki ɗaure majanyi da kyau ya tallafe wuyansa saboda ruku'u da sujada, kada kuma hijabi ya rufe masa fuska. Kuma ina roƙonki, duk wadda ta ba ki shawarar ɗura masa maganin mura ko wani jiƙo don ya yi barci ki samu sararin salla, kada ki karɓa. In kukan ya zo da zazzaɓi ko ƙin kama nono, asibiti za ki nufa a ranar, ba sai maigida ya dawo ba.

Hajiya kuma kada ki tare ta da hadisi kamar mai gyara mata karatu. Ki bari ɗanta ya yi mata bayani, ko a kai maganar gaban limamin unguwarku tana ji. Shi maigida ya sani cewa sabulu da ruwa da abin da za a sa wa yaro suna cikin ciyarwar da ke wuyansa, ya bar su isassu kafin ya kama hanya. In da hali a samo wata 'yar'uwa ta zauna da ke ko da na wata biyu ne.

Kukan da kike yi shi ya fi tsaya mini a rai. Ba na ganin alamar fushin Allah ga matar da duk damuwarta ita ce ko sallarta ta karɓu. Abin da nake gani mace ce ita kaɗai da jariri, ba barci, ba mai karɓarta. Amma in ƙuncin nan ya zarce mako biyu kusan kullum, abinci ya fita ranki, barci ya ƙi zuwa ko da yaron ya yi, ko tunanin cutar da kanki ko shi ya fara zuwa miki, wannan ciwo ne da ke samun mata bayan haihuwa, likitoci sun san shi kuma yana da magani. Ki faɗa wa ungozoma ko likita a inda kike kai shi rigakafi, ki faɗa wa mahaifiyarki, ki kuma kira maigida a waya ki gaya masa yadda kika gaya mini.

Wallahu a'alam.