Siram ɗin wace dabba ake toshewa da shi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne, ina rina yankan saifar ɓera da antibodi don dubawa a madubin ƙara girma. Antibodi na farko a jikin zomo aka samar da shi, na biyu kuma a jikin akuya. Na toshe da siram ɗin zomo saboda shi na tarar a firiza, sai ga yankan gaba ɗaya ya yi kore shar, ba a gane komai. Ina na kuskure?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Siram ɗin ne ya ɓata maka aiki, kuma gyaran ba wuya.

Siram shi ne ruwan nan mai launin ɗorawa da ke tasowa bayan jini ya daskare, cike yake da furotin, har da antibodi (furotin ɗin garkuwar jiki mai kama wani abu takamaimai) na dabbar da aka ɗibi jininta. Ana zuba shi kan yanka ne domin ya riga antibodinka zama a duk inda zai iya mannewa ba bisa ƙa'ida ba, musamman makaman Fc, wato wuraren da ke cafke wutsiyar antibodi a jikin ƙwayoyin garkuwa. Saifa kuwa cike take da su.

To duba abin da ka yi. Antibodi na farko shi ke kama abin da kake nema, na biyu kuma ya kama na farkon, shi ke ɗauke da koren launin. Antibodinka na biyu abu ɗaya ya sani: ya kama duk antibodin zomo da ya gani. Kai kuma ka shafe yankan kakaf da antibodin zomo kafin ya iso. Ina zai bari? Ko'ina ya duba abincinsa ne. Shi ya sa ƙa'idar take haka: a toshe da siram ɗin dabbar da aka samar da antibodi na biyu a jikinta. A wajenka, akuya. Antibodin akuya ba ya farautar 'yan'uwansa.

Ka haɗa siram ɗin akuya kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari a ruwan PBS (ruwan gishiri mai fosfet), ka zuba kan yankan, ka bar shi minti 30 zuwa awa ɗaya a zafin ɗaki, cikin akwati mai laima don kada yankan ya bushe. Idan abin da kake nema yana cikin ƙwaya ne, ƙara Triton X-100, sinadarin da ke buɗe fatar ƙwaya, kashi 0.1 zuwa 0.3 cikin ɗari. Bayan nan kada ka wanke. Karkata gilashin da yankan yake kai, ka tsane gefe da takarda, ka ɗora na farko. Ni nakan sirka antibodin duka biyu a ruwan da ke ɗauke da ɗan siram ɗin, toshiyar ta fi riƙewa.

Wasu na cewa BSA, wato furotin da ake cirowa daga siram ɗin saniya, ta wadatar wajen toshewa. Sau da yawa haka ne, kuma ta fi araha. Amma ranar da na farkonka ya zama na akuya ko tunkiya, ka yi hattara, domin BSA na iya zuwa da ɓurɓushin antibodin saniya, na biyun kuma yakan kama shi. A nan siram ɗin jaki da na biyu na jaki ne mafita.

Abin da nake roƙonka, kada ka sake rini ba tare da gilashi ɗaya da ka hana wa antibodi na farko ba. Idan ya fito baƙi wuluk, toshiyarka ta yi. Idan ya ci gaba da haske, duba wani yankan da ba a sa masa komai ba, don jajayen ƙwayoyin jinin da ke saifa da kansu sukan yi ƙyalli, kuma wannan siram ba ya maganinsa. Sabon siram ɗin kuma ka raba shi a ƙananan kwalabe, ka ajiye a awo 20 ƙasa da sifili na Celsius, ka riƙa narkar da ɗaya-ɗaya.