Ina son masu saye su gan ni, ba na son kawu ya gani

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar André Salifou da ke Damagaram, ina tallar turaren wuta a status na WhatsApp. Kwanan baya hoton da na ɗora na bikin ƙawata ya kai wayar kawuna, alhali na cire shi daga masu gani. Yaya zan yi?

Amsa: Ƙanwata, WhatsApp bai nuna wa kawu komai ba. Cikin waɗanda kika bari ne wani ya ɗauki hoton allon ya tura masa. Status yana gogewa bayan awa 24, amma abin da aka kwafa yana nan, kuma manhajar ba za ta gaya miki an kwafa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne da lamba ɗaya kike kasuwa kike zumunci. Status yana zuwa ga duk wanda kuka ajiye lambar juna, ke nan matar da ta sayi turaren jika ɗaya bara tana kallon rawarki a biki. Damagaram kuwa, daga unguwar Birni zuwa Zango, da wuya a rasa wanda ya san gidanku. Ki sayi layi na biyu ki buɗe WhatsApp Business, can kwalabe da farashi kawai, kowa ya gani. A layinki na gida, ki daina cire mutum ɗaya-ɗaya. Ki shiga Confidentialité, wato saitin sirri na status, ki zaɓi ƴan kaɗan da kika yarda da su, sauran duk su tsaya waje.

Abin da ya fi damuna ma wayar ce kanta. Ana barin ta wajen mai caji, ana miƙa wa mai gyara a Kasuwar Dole har da lambar buɗewa, ƙane ya ara ya tafi da ita fada wajen shayi. Kafin ta bar hannunki ki zare katin memori, ki sa wa WhatsApp makullin yatsa. Lambobi 6 na tabbatar da layinki a WhatsApp da ke zuwa ta SMS kada ki karanta wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake.

In wani ya yi miki barazanar yaɗa hotonki, Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019. Kada ki goge saƙonninsa, kada ki tura masa ko dala. Ki sanar da babba a gida, ku kai wa ƴan sanda wayar yadda take.