Rauta biyu a kan layi ɗaya: amsa ga mai shagon caji

Wani ɗan kasuwa daga wani ƙauye kusa da Maigatari ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ina da shagon cajin waya da POS a ƙofar gida. Na sa rauta mai layi a cikin gida, amma sabis ɗinta ba ya kaiwa shago, alhali tsakani bai fi taku 50 ba. In sayi wata rautar da sabon layi ne? Ina kuma so in riƙa sayar wa matasa Wi-Fi."

Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Rauta ta biyu, i, ka saya. Layi na biyu kuwa ka haƙura da shi tukuna. Kuɗin rauta da kebul sau ɗaya za ka fitar, amma sabon layi baƙo ne da za ka ciyar duk wata, ko kasuwa ta ci ko ba ta ci ba.

Ba nisa ne kaɗai ke cinye maka sabis ba. Katangar ƙasa mai kauri da ƙofar ƙarfe da kwano duk suna tare shi. Shi ya sa ban cika ba mutanen karkara shawarar sayen ɗan akwatin nan da ke kamo Wi-Fi ta iska ya sake watsawa ba: abin da ya kamo mai rauni shi zai watsa, kuma gudun yakan ragu kusan rabi. Waya ita ce magani. Ka nemi kebul na intanet, Cat5e ko Cat6, wanda ke ɗaukar har mita 100 ba tare da matsala ba. In ka shiga Kano, akwai shi a Beirut Road. Ka auna tsawon da igiya kafin ka tafi, ka ƙara 'yan mitoci, a matse maka kawunansa a gwada a gabanka.

Amma fa kafin ka hau mota, juya bayan rautarka ka duba. In 'yar ƙaramar nan ce ta aljihu, MiFi, yawancinsu ba su da ramin kebul, ka ga lissafin ya canza. In akwai ramin da aka rubuta LAN, to an gama.

Haɗin kansa ba wuya. Kebul ya fito daga LAN na ta gida ya shiga LAN na ta shago. A saitin ta shagon a kashe DHCP, wato mai raba wa wayoyi lamba, domin sarki biyu ba sa zama a gari ɗaya. Sai a ba ta tata lambar: in ta gida 192.168.0.1 ce, ita a sa mata 192.168.0.2. Wasu rautocin ma suna da zaɓin AP (Access Point) a cikin saitinsu, wanda ke yin wannan duka da kansa. Kebul ɗin kuma ka zura shi cikin bututun roba ka binne, don ɓera da zafin rana da ruwan damina ba sa raga wa waya. Wuta ba abin damuwa ba ce, ƙaramar rauta ba ta cika wuce wat 10 ba, solar shagonka za ta riƙe ta.

Maganar sayar da Wi-Fi ce nake so ka tsaya a kanta. Rauta ta biyu ba ta ƙara data ko gudu, rijiya ɗaya ce aka ƙara wa guga. Matasa goma su zauna kallon ƙwallo, datar wata sai ta tafi cikin kwanaki. Ko wadda ake cewa ba ta da iyaka, in ka kai wani adadi kamfani yakan rage mata gudu. Ka kwatanta ranar Alhamis, kasuwar Maigatari na ci, mutum na tsaye zai cire kuɗin rago, transfa ta tsaya cak saboda yara na bidiyo. Ribar ɗan abin da suka biya ba za ta maye kwastoman da ya tafi ba. Sannan mai son ya mai da sayar da intanet sana'a, akwai batun lasisin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, da sharuɗɗan kamfanin layin.

In ka nace, ka buɗe musu sashen baƙi a rautar, da kalmar sirri daban, ka ƙayyade gudunsa, ka riƙa canza kalmar sirrin kullum. Ka gwada wata guda kana rubuta abin da ya shigo da datar da ta tafi a littafin shago, sai ka aiko min da lissafin mu duba tare.