Amsa: Dalilin Zubewar Ganyen Ƙasa a Gonar Waken Suya

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ganyen ƙasa na waken suyarka ke yin rawaya yana zubewa bayan shukar ta rufe kunyoyi. Ganye da hasken rana yake haɗa abinci, kuma da zarar rassa sun haɗe, ganyen sama ne ke tare mafi yawan hasken, sai na ƙasa ya rasa aikin yi, shukar ta janye sinadaransa zuwa sama. Wannan ba cuta ba ce.

Abin da ya fi damuna shi ne fari lokacin cikar kwanso, domin idan ƙasa ta bushe kuma zafi ya tsananta, ƙananan ƙofofin ganye kan rufe don tattalin ruwa, iskar kabon da ganye ke haɗa abinci da ita ta daina shiga, ƙwaya kuma ta fito a shanye.