Na ba aladuna maganin tsutsa, me ya sa ba sa girma?

Tambaya: Ina kiwon aladu a kusa da Kafanchan. Sau biyu ina ba 'ya'yan da na yaye piperazine, amma tari bai bar su ba, ciki ya kumbura, gashi ya tashi, ga cin abinci ba girma. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, alamun nan sun yi kama da na macijin ciki, wanda likitoci ke kira Ascaris suum. Babbar tsutsar takan kai santimita 40. Alade na haɗiye ƙwanta daga ƙasa, 'ya'yan su ƙyanƙyashe, su ratsa hanta su bar farare-fararen tabo, su wuce huhu, tarin ke nan. Sai bayan mako 6 zuwa 8 suke girma a hanji. Piperazine manyan da ke hanji kawai yake fitarwa, na kan hanya ba ruwansa da su.

Ka auna nauyin kowane alade, kada ka yi kirdado. Allurar ivermectin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 ana yin mililita 1 ga kilo 33, a ƙarƙashin fata bayan kunne, tana kuma maganin ƙazuwa. In akwai zawo da jini, fenbendazole ya fi, domin ivermectin ba ya cin tsutsar babban hanji sosai, wadda ke iya kawo irin wannan zawon. Kai kashinsu wurin likitan dabbobi ya duba. Kafin yanka, ka bi kwanakin jira da ke jikin kwalbar.

Amma gaskiyar magana, ɗakin ne ke mayar maka da cutar. Ƙwan macijin cikin nan yana da ɓawo mai kauri, yana shekaru a ƙasa mai danshi da ransa, magungunan feshi da yawa ba sa taɓa shi. Ka yi daben siminti mai gangara, a kwashe kashi kullum, a goge da ruwan zafi da sabulu, a bari ya bushe ƙarau. Uwa a ba ta magani kwana 7 zuwa 14 kafin haihuwa, a wanke mata ciki da nonuwa, don ƙwai na manne a fatarta.

Sakin aladu su yi yawo kuwa ka daina. A can suke cin tana mai ɗauke da tsutsar huhu, da bayan gidan mutane mai ƙwan tsila. Tsilar ce ke sa ƙwayoyi farare kamar shinkafa a nama, ƙwanta kuma in ya shiga cikin mutum yana iya jawo farfaɗiya.